Daga Gado Zuwa Kujera: Shekara Tara Bayan Hamisu

Shekara tara ke nan, a daminar bana, da muka kai ƙanena Hamisu makwancinsa. Kafin nan ya yi shekara biyu da 'yan watanni a kwance, daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, kuma ban taɓa rubuta wa jarida ko layi ɗaya ba. Amma akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa, ga shi shekaru sun kai ni inda ba zan iya cewa zan ga wata daminar ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

A ƙauyenmu, can tsakanin Roni da Gwiwa, babu wanda bai san cewa ni na karya Hamisu ba. Har waɗanda aka haifa bayan abin sun ji labari. Mutane suna tsammanin wannan ne yake cina. Yana cina, amma akwai wanda ya fi shi, wanda mu uku kaɗai muka sani: ni da shi da matarsa Rabi. Zan fara da wanda kowa ya sani, don a gane yadda na kai ga na biyun.

Lokacin sassabe ne. Akwai layin gamba da ya raba gonarmu da ta wani maƙwabci tun zamanin iyayenmu. Na je da safe na tarar an tuge gambar an dasa ta taku biyu cikin tamu. Gatari ne a hannuna, don kututture na je sara. Muka fara da magana, muka koma zagi, har ya ambaci mahaifinmu da ke cikin kabari. Hamisu bakanike ne, yana da rumfar gyaran babur a bakin hanyar Roni, kuma ranar ya kawo mini babur ɗina da ya gyara. Yana kafe shi ya ji hayaniya, ya rugo. Ni ban gan shi ba. Na juya gatarin ta wajen kan ƙotar nan mai nauyi, na ɗaga da hannu biyu, na kai wa maƙwabcin duka da iya ƙarfina. Daidai nan Hamisu ya shiga tsakani, ya dafa ƙirjin mutumin yana tura shi, ya ba ni baya.

Ƙarar da na ji kamar an taka busasshen duma. Ya faɗi rub da ciki cikin tokar sassabe, bakinsa da hancinsa duk toka. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Yaya, ɗage mini abin da ke kan ƙafata." Babu komai a kan ƙafarsa.

Abin da zan faɗa nan gaba ina so duk mai hawa babur ya karanta sau biyu. A lokacin yatsun ƙafarsa ta dama suna motsi. Na gani da idona. Muka cicciɓe shi, wani ya kama hammata wani ya kama gwiwa, bayansa ya lanƙwashe a tsakiya kamar buhun da bai cika ba. Muka zaunar da shi a kan babur tsakanina da wani, na ɗaure shi a jikina da rawani, muka bi hanyar duwatsu zuwa gidan wani mai ɗori. Kowane rami muka faɗa sai in ji ya cije mini kafaɗa. Mai ɗorin ya kwantar da shi a tabarma, ya sa ƙarti biyu suka danne kafaɗunsa, biyu suka ja ƙafafu, shi kuma ya ɗora diddige a kan wurin ya danna. A nan ne Hamisu ya yi ƙarar da har yau ban ji irinta daga bakin mutum ba. Sai ta yanke ɗif. Fitsari ya gangaro ta ƙarƙashin tabarma. Mai ɗori ya ce ƙashi ya koma mazauninsa, tunda ga shi zafi ya tafi. Na yi masa godiya. Yatsun nan ba su sake motsi ba.

Sai bayan kwana shida muka kai shi babban asibiti a birni. Likita ya duba hoton ya ce laka ta yanke, ya tambayi yadda muka ɗauko shi. Da na faɗa, sai ya ce da mun ciro ƙyaure mun kwantar da shi a miƙe, da wataƙila wani labarin ake yi. Yanzu nakan ji ana faɗar haka a rediyo, kuma duk da haka kwanakin baya a Kazaure na ga ɗan acaɓa ya faɗi, jama'a suna ta fizgar hannunsa wai ya tashi ya gwada takawa. Na kutsa ciki ina ɗaga murya har wasu suka ɗauka ɗana ne.

Da dagaci ya zo duba shi ya kawo maganar hukuma, Hamisu ya ce tsautsayi ne, Yaya ba ni ya nufa ba, na yafe duniya da lahira. A gaban mutane ya faɗa. Na fita bayan ɗakin na yi kuka, na kuma yi rantsuwa cewa muddin ina numfashi ba zai sake ɗaga ko tsinke ba. Wannan rantsuwar ita ta kashe shi.

Bayan an sallame mu aka ce mu riƙa komawa sashen gashin ƙashi. A can muka haɗu da wani ma'aikaci, Babarbare ne, dattijo-dattijo, mai tsage a fuska. Ban riƙe sunansa ba, don ban ɗauke shi da daraja ba a lokacin. Yana da wata takarda da yake cikewa kan kowane mai ciwon laka. Tambayoyin cikinta ba na magani ba ne, na zaman yau da gobe ne. Cin abinci. Wankan saman jiki daban, na ƙasa daban. Sa riga, sa wando, goge baki. Yadda ake sarrafa fitsari da bahaya. Juyawa a kan gado. Tashi daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bayi. Zagayawa cikin ɗaki da fita waje. Kowane layi da makinsa: ko yi masa ake yi gaba ɗaya, ko da taimako, ko shi kaɗai. Ya yi mana bayani cewa zai cike yau, ya sake cikewa bayan 'yan makonni, don a ga inda mutum ya matsa da inda ya tsaya, a san wurin da za a sa ƙarfi. Ya ce ƙafa dai ba ta dawowa, amma ba ƙafa yake aunawa ba, abin da mutum zai iya yi wa kansa yake aunawa.

Na ji da kunnena, ban ji da zuciyata ba. A wurinmu, idan aka ce wane yana kwance kuma shi yake yi wa kansa komai, ba yabonsa aka yi ba, danginsa aka zaga. Ma'anarta an yar da shi. Saboda haka ni a ganina takardar nan mu take aunawa, kuma duk layin da aka rubuta "shi kaɗai" shaida ce a kaina cewa na karya ɗan'uwana na kuma watsar da shi. Ga kuma tarbiyyar gidanmu, ƙane ba ya amsa tambaya yayansa na zaune.

"Wa ke yi maka wanka?" in ji ma'aikacin, yana kallon Hamisu.

"Ni," na ce.

"Abinci fa?"

"Ni ke ba shi."

"Hannun nasa ya samu matsala ne?"

"Lafiyarsa lau."

"To me ya hana shi riƙe ludayi?"

"Ai yana da 'yan'uwa."

Mahaifiyarmu Bafillatana ce, kuma mutumin ya gani a fuskar Hamisu. Ya ajiye biro ya ce mini, "Baba, bar bawan nan nawa ya buɗe baki. Kai Bafillace, wayon naku ne ka kawo mana nan? Ka samu mai yi maka bauta ka miƙe ƙafa?"

Hamisu ya ce, "Babarbare, ai da ka karɓe shi ya huta, tunda sana'ar gidanku ce."

Suka yi dariya. Ita ce dariyarsa ta farko tun ranar gona. Na san wasan Fulani da Barebari tun ina yaro, amma ranar sai ya ƙona mini rai. Wani bare ya sa ƙanena dariya, ni da nake kwashe kashinsa ban iya ba.

Zuwa uku muka yi. A na biyu ya koya masa juyawa da ɗaga jiki da hannu, don kada fatar baya ta mutu, ya kuma ce a rataya masa igiya a saman gado. A na uku ya ce in jira a waje, akwai tambayoyin da mutum ba zai so amsawa gaban yayansa ba. Na ƙi fita. Ya yi tambayoyinsa na fitsari da bahaya ina zaune, Rabi na zaune, ni ina huci. Sannan ya zaunar da Hamisu a bakin gado, ya jawo keken guragu ya kafe shi, ya ce ya dafa nan ya dafa can ya ƙetara da kansa. Hamisu ya dafa. Hannayensa suka hau rawa, gumi ya keto masa, ƙafafunsa suna reto kamar ba nasa ba. Ya ɗaga, ya koma. Ya sake ɗagawa. Na miƙe zan ɗauke shi, mutumin ya tare ni da hannu ya ce, "Bar shi, ina kusa."

Ban san lokacin da na ci kwalarsa ba. Na haɗa shi da bango har hularsa ta faɗi, na shaƙe shi ina cewa mugu, azzalumi, ka samu gurgu kana wasa da shi. Sai da masu gadi suka ɓamɓare ni. Na fizgi takardar daga kan tebur na yayyaga ta, na watsa masa a fuska. Na saɓi Hamisu a kafaɗa na fita da shi ta tsakiyar mutane. Ina jin mutumin a bayana, muryarsa a shaƙe, yana cewa, "Bafillace, kada ka manta abin da na nuna maka." Ba mu sake komawa ba.

Wani ɗan'uwanmu ya aiko da keken guragu daga birni. Na kulle shi a ɗakin ajiya na sa makullin a aljihu, na ce ba za a ga ƙanena yana jan kansa a titi kamar marar kowa ba. Ni ke yi masa wanka. Ni ke juya shi da safe kafin in fita, in juya shi da yamma in na dawo. Ni ke zuba masa ruwan alwala, har wanke masa fuska nake yi, alhali hannayen da suka saba kwance injin babur suna ajiye a kan cinyarsa. Masu zuwa dubiya suna cewa Allah Ya ba mu ɗan'uwa irin wane. Ba zan ɓoye ba, maganar tana yi mini daɗi. Duk sanda aka faɗe ta sai in ji kamar an goge mini wani abu daga hannu.

Yakan ce, "Yaya, bar mini butar nan in gwada."

In ce, "Ina raye?"

Yakan ce, "Yaya, makullin nan fa?"

In ce, "Me ka rasa?"

Sai ya juya fuskarsa bango. Tambayar ba ta da amsar da ƙane zai iya ba yayansa.

A 'yan shekarun nan nakan je Kazaure ranar kasuwa, kuma akwai wani mutum da nake tsayawa daga nesa ina kallo. Shi ma laka ce, daga kan mota ya faɗo. Yana gyaran injin ban ruwa da janareta a wata rumfa. Yakan zo a kekensa mai tuƙin hannu, ya dafa benci ya sauke kansa, ya ɗauki ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ya gyara musu zama, ya hau aiki. In an kira salla ya jawo buta ya yi alwalarsa. Babu wanda ke kallonsa sai ni. Nakan tambayi kaina me Hamisu zai ce da ya ga wannan zamanin, da adaidaita sahu suka cika gari, babura suka koma iri-iri, ko'ina inji ne yake neman mai gyara. Na san shi. Da sai ya buɗe cikin kowanne ya gani, ya ce wanda ya ƙera wannan bai taɓa bin hanyar Gwiwa ba. Da yanzu yana da rumfarsa da mutanensa. Abin da ya raba shi da mutumin nan na Kazaure ba girman rauni ba ne. Shi wancan ba shi da yaya irina.

Ranar da nake son faɗa ta zo a kakar shekara ta biyu, ana cirar gyaɗa. Na fita tun da sassafe, sai na tuna na bar buhuna, na dawo da hantsi. Na yi sallama daga zaure. Maimakon amsa sai na ji ƙarar faɗuwa daga ɗakinsa, da ƙarar katako. Na ruga.

Na same shi a ƙasa tsakanin gado da wata kujerar katako. Bakinsa ya daki gefen kujerar, leɓensa ya tsage, haƙori ɗaya ya karye, jini har ƙirji. Ƙafarsa ɗaya ta naɗe ƙarƙashinsa ta inda ƙafa ba ta naɗewa. Robar fitsarin da aka sa masa a asibiti ta fizge, jini na bin cinyarsa. A sama, igiya ce ɗaure a azara tana lilo. Rabi na tsaye a lungu, hannunta biyu a baki.

Ban tambayi komai ba. Na sure shi na jefa a kan gado. Jefawa na yi, ba ajiyewa ba, har kansa ya daki ƙarfen gadon. Na zaro wuƙa na hau bakin gadon na yanke igiyar. Ya kama ƙafar wandona yana cewa Yaya tsaya, Yaya ka ji. Na juyo na kwaɗa masa mari. Mutumin da ba ya iya tashi, jini na zuba daga bakinsa, na mare shi da hannun da na karya shi da shi. Na ɗauki kujerar na fita tsakar gida na maka ta da turmi, na sake makawa, har ta zama itacen wuta. Na dawo da guntun igiyar a hannu na tambayi Rabi wa ya ɗaura. Ta ce ita ce. Matar ƙane, wadda a al'adarmu ko ido ba ma haɗawa, wadda ba ta taɓa zama in ina tsaye ba, na zabga mata igiyar a kafaɗa. Sau biyu.

Buta ce ta same ni a ƙeya. Hamisu ne ya jefo ta daga kan gado, kuma bai kuskure ba. Na juya. Bai taɓa ɗaga mini ido ba tun yana yaro, amma ranar ya dube ni sosai. Ya tofar da jini ya ce, a hankali, "Yaya, gatarin na yafe maka. Wannan ban sani ba tukuna."

Na ce don kansa nake yi. Na ce dubi bakinka, dubi abin da Babarbaren nan ya jawo maka. Na wanke masa jinin, na canja masa zane, na kira mai sa roba ya mayar. Da aka tambaya na ce daga gado ya mirgino. Aka ce sannu da ƙoƙari.

Daga ranar bai sake roƙona komai ba. In na kawo ludayi ya buɗe baki. In na ɗaga hannunsa don in sa masa riga ya bar shi a sake, kamar shi ma ya mutu. Yadda na kwantar da shi da safe haka zan tarar da shi da la'asar. Ni kuwa har na ji daɗi, na ce ya haƙura ya karɓi ƙaddara. Kafin bazara wani ja ya fito a ƙasan bayansa, ya yi baƙi, ya fashe. Na sa zuma, na sa garin magani, na sa duk abin da aka ce in sa. Gyambon ya ci har ana ganin fari a ciki, dunƙulen hannuna zai shiga. Wari ya hana masu dubiya zama. Na daɗe ban kai shi asibiti ba don kunyar haɗuwa da mutumin da na shaƙe. Da na kai shi, zazzaɓi ya riga ya shiga jini. Likita ya tambaya ko ba a koya masa juya kansa ba. Na ce an koya.

Kwana biyu kafin ya cika na durƙusa a gefensa na ce ya yafe mini. Idonsa a rufe ya ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Na daɗe ina juya wannan amsar. Addu'a ce mai kyau, amma ba irin maganar da ya yi gaban dagaci ba ce, kuma Hamisu mutum ne da ya san bambancin.

Rabi ta gama takaba ta koma wurin danginta wajen Babura, daga baya ta yi aure. Shekara takwas ban sa ta a ido ba. Duk tsawon wannan lokaci akwai abu ɗaya da nake riƙewa ina kare kaina da shi: na yi laifin mari, na yi laifin duka, amma ai ya faɗi. Da idona na gan shi a ƙasa. Ke nan abin ya fi ƙarfinsa, ke nan tsorona yana da dalili.

Bara muka haɗu a wata ta'aziyya. Na aika a kira ta, ta zo ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni kamar da. Na nemi gafararta kan igiyar. Ta ce ya wuce. Ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna.

"Yaya, akwai abin da ban faɗa maka ba. Da ina jin nauyinka, yanzu kuma ina tsoron in mutu da shi."

Na ce ina ji.

"Ya fi wata guda yana yi. Kana fita nake hawa turmi in ɗaura igiyar, kafin la'asar in kwance. Satin farko ina riƙe shi. Daga nan ya ce in matsa. Ya ƙetara kujera shi kaɗai, ya yi alwala, ya yi walaha a zaune, ya koma gado shi kaɗai. Wando ma ya iya sawa, a kwance, yana mirginawa. In ya gama sai ya ce, Rabi, da Babarbaren nan yana nan da ya ƙara mini maki ko yana so ko ba ya so."

Na ce to ranar fa?

"Ranar yana zaune a kujera lafiya lau, yana gyara mini fitila. Sallamarka ya ji. Ya ce in yi maza in ɗauke butar, ya fizgi igiya zai koma gado kafin ka shigo. Saurin ne ya kayar da shi. Bai taɓa faɗuwa ba sai ranar." Ta gyara mayafinta. "So yake a gama kaka hankalinka ya kwanta, ya kira ka ya nuna maka, sannan ya roƙe ka makullin."

 Ta yi mini sallama ta koma cikin mata.

Idan na zauna ina lissafin abin da ya rage na Hamisu, ba shi da yawa. Bai bar ɗa ba. Rumfarsa wani ne a ciki yana sayar da fetur a kwalba. Kayan aikinsa sun watse a hannun mutane. Kabarinsa ruwan shekara tara ya baje shi, ni kaina sai na yi kirdado. A bakin 'yan garinmu shi ne bawan Allah mai haƙuri da yayansa ya yi wa hidima har ƙarshe, kuma wannan labarin rabinsa ƙarya ne, ni na gina shi. Hamisu ba kwanciya ya yi yana jiran mutuwa ba. Mutum ne da aka karya wa baya, aka take shi, aka kulle masa keke, ya ɗauki abin da aka nuna masa sau biyu kacal ya yi ta maimaitawa a ɓoye har ya iya. Wannan ne nasa, kuma shi nake so ya rage.

Yanzu in na ji an ce wani ya samu ciwon laka a yankinmu nakan je. Ba na kai magani. Nakan ja babban yayan gidan gefe in ba shi labarina, in ce in an kawo takardar nan ya fita waje ya bar mai ciwon ya amsa, in ya ga yana fama da buta ya sa hannunsa a aljihu. Wasu sukan saurara. Wasu sukan ce, Baba, mu ba ma yar da namu. Na san muryar, tawa ce.

Allah Ya yalwata wa Hamisu inda yake kwance, Ya ba shi abin da na hana shi. Ni kuma ina roƙon duk wanda ya san wani Babarbare mai tsage da ya yi aikin gashin ƙashi a wancan lokacin, wanda wani baƙauye ya taɓa shaƙe shi a bakin aiki, ya kai masa wannan shafin. Ina neman gafararsa. Kuma akwai layin da bai samu cikewa ba ranar, na tashi daga gado zuwa kujera. Matarsa ta shaida, ni ma na karɓa: Hamisu ya iya, shi kaɗai, babu mai riƙe shi.